Ranar Da Taswirata Ta Ba Baffa Rijiyar Umma

Assalamu alaikum. Masu cika min akwatin saƙo da "Zuwaira ina kika shige kwana tara", ga ni nan, ban mutu ba, ba a kuma ɗaura min aure a ɓoye ba. Ba ni da waya ne. Da laftof nake rubuto muku wannan, kuma kafin ku kai ƙarshe za ku san inda wayar ta tafi. Kada ku yi tsammanin na huce, domin ko yanzu da nake dannawa ji nake kamar in fasa madannan.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: ina ajin ƙarshe a sashen nazarin ƙasa a jami'ar nan ta Wudil. Abbanmu ya rasu shekara shida ke nan, ya bar mu da Umma da gona ɗaya a wani ƙauye bayan Darki. A gonar akwai rijiya da ya haƙa da kansa ya jera mata zobban siminti. Da ruwanta Umma take sa a yi mata noman rani, albasa da tattasai, kuma da albasar nan na yi karatu tun daga aji ɗaya.

Bana malaminmu ya tashi ya ce ba ya son ganin taswirar takarda a aikin kammala karatu, kowa ya ɗora tasa a saba. Ni a lokacin ko sunan ban taɓa ji ba. Ashe wata manhaja ce da za ka sa a kwamfuta, ka ba ta taswira, ita kuma ta riƙa miƙa wa duk wanda ya buɗe shafinta. Da faɗi kamar shan ruwa. 'Yan ajinmu suka zaɓi makarantu da asibitoci, ni kuwa uwar iyayi na ce gonakin gidanmu zan yi. Na san akwai takardar safiyo a ƙasan akwatin ƙarfen Umma, a naɗe cikin tsohon ɗankwali mai ƙamshin turaren wuta. Tun zamanin soja, da aka raba gado tsakanin Abba da ƙaninsa Baffa Labaran, Abba ya ɗauko safiyo ya auna gonakin biyu, aka binne duwatsun siminti a kusurwoyi, aka rubuta lambobinsu.

Mako biyu sabar nan tana wulaƙanta ni. In danna, wani baƙin allo ya buɗe, rubutu ya zubo a guje, ya rufe kansa. Sau nawa na kife laftof na tashi na bar shi. Wadda ta cece ni Anti Esta ce, 'yar Billiri, ita ke kula da ɗakin kwamfuta na sashenmu. Mace ce gajera mai tabarau, kullum da kwalbar gyaɗa a teburinta, kuma ba ta taɓa karɓar kwamfutar ɗalibi ta yi masa aiki.

"Me ya rubuta miki kafin ya rufe?"

"Ban karanta ba, Anti."

"To ni boka ce? Je ki buɗe inda yake ajiye ƙorafinsa ki karanta layin ƙarshe."

Na karanta. Ashe wata manhaja yake nema da ban sa ba. Na sa ta. Sai ya ce ƙofar da yake son fita ta cikinta, mai lamba 8080, wani abu ya riga shi tsayawa a wurin. Kwana biyu na yi ina neman wannan mai tsayuwar. Da na kore shi shafin ya buɗe, amma fari fat, ba gona ba dalilinta. Anti Esta ta leƙo ta ce ban gaya masa iyakar wurin da zai nuna ba. Akwai kuma wani gurbi da ke neman lamba biyar, ban san ta mece ce ba, sai na kwafi wadda wani Bature ya sa a bidiyon da nake koyo da shi. Ku riƙe wannan gurbin a ranku.

Ranar Laraba da la'asar taswira ta fito. Hoton gonakin daga sama, ga jan layi ya zagaye tamu, ga shuɗi ya zagaye ta Baffa. Na yi tsalle a tsakar gida har kajin Umma suka watse. Sai da na zauna na kalla da kyau na ga wani abu bai yi min ba: rijiyarmu tana cikin shuɗin layi.

A daidai lokacin aka yi sallama, Jamilu ne.

Shekara ɗaya ke nan yana zuwa. Yana da shagon sayar da wayoyi kusa da gada, kuma ba zan yi ƙarya ba, ina son sa. Mutum ne mai tsafta da fara'a, in ya zo ba ya tafiya sai ya tsuguna ya gaida Umma. Matsalarmu ɗaya ce: Baffa Labaran, wanda shi ne waliyyina. Sau uku manyan Jamilu suna neman a sa rana, Baffa yana cewa sai bayan zaɓe, sai bayan girbi, sai ya yi shawara. Tunda ya samu shiga wajen kansila yake ji kamar shi ke riƙe da garin. Jamilu kuwa ya zama kamar yaron gidansa, yau ya kai masa caja, gobe ya sauya masa gilashin waya.

Na zura hijabina ruwan goro a kan atamfar da ke jikina, na ɗauki laftof na fita zaure. Yana zaune a darduma cikin shadda ruwan toka, hula ta zauna daram, turarensa ya cika wurin.

"Yau dai na ga haƙoran malama," ya ce. "Saba ta yi biyayya?"

Na juya masa allon. Ya yi ta jinjina kai, sannan ya zaro waya ya ɗauki hoto.

"Jamilu, kar ka nuna wa kowa. Ban gama ba. Dubi rijiyar nan, ba nan ya kamata ta zauna ba, akwai kuskure."

"Haba, ajiyewa zan yi in riƙa kallon aikin matata."

Na yi murmushi har da rufe fuska. Wallahi duk sanda na tuna wannan murmushin sai in ji kamar in mari kaina.

Washegari da hantsi Umma tana zaune a tabarma tana tsince zogale, ni ina wanke-wanke, muka ji tsayuwar babur. Baffa ya shigo da babbar riga, a ranar da ba biki ba suna. Aka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da yara da gajiya, har da lafiyar kaji. Sannan ya miƙa wa Umma wayarsa.

"Hansai, shekara nawa ina cewa rijiyar nan a ɓangarena take kuna ganin son zuciya ne? To ga shi 'yarki da kanta ta fito da gaskiya. Na'ura ba ta san ɗan'uwa ba. Na gaya wa mai unguwa, jibi Asabar bayan la'asar za a zauna."

Kumfa na hannuna na matso. Hoton Jamilu ne, an ma yanke shi, rijiyar ce kawai a tsakiya da shuɗin layi a kewaye.

"Baffa, wannan ba a gama ba, kuskure ne."

"Jiya da kika zana ba kuskure ba ne, sai yau da ya zo hannuna?"

Da ya fita Umma ba ta yi faɗa ba. Da ma faɗan ta yi. Ta ɗago ta kalle ni ta ce, "Ke kika zana?" Na ce ni ce, amma. Ta ce, "To," ta ci gaba da tsince zogalenta. Na ga tana zuba itacen a cikin ganyen da ta riga ta tsince ba ta ma sani ba.

Na shige ɗaki na rubuta wa Jamilu: "Wa ya ba Baffa hoton?"

Ya karanta. Ya fara rubutu, ya tsaya, ya sake farawa.

"Na je gaishe shi ne jiya, hira ta kawo hira. So nake ya ga irin ilimin da kike da shi."

"Na ce kar ka nuna wa kowa ko ban ce ba?"

"Sorry dear. Amma kin san me? Ya ji daɗi sosai. Akwai albishir, sai na zo."

Ya haɗa da hoton fure. Na jefa wayar kan katifa. Wayar ma shi ya ba ni ita da ƙaramar salla, a kwalinta, da ledarta ba a ɓare ba.

Juma'a tun ƙarfe takwas ina bakin ɗakin kwamfuta. Titi ya cika da motocin shanu masu shiga kasuwar kara, sai da na sauka daga adaidaita na ƙarasa da ƙafa. Anti Esta ta ga idona ta ajiye gyaɗarta. Na gaya mata komai, har da abin da bai shafi saba ba.

"Namijin ki bar shi tukuna, ba ni da maganinsa. Ina takardar?"

Na warware ɗankwalin. Ta gyara tabarau ta sa yatsa a can ƙasa, inda aka yi wani ƙaramin rubutu da na ɗauka ado ne.

"Karanta."

"Minna."

"Me ya kawo Minna cikin gonar Darki?"

Ta ja kujera ta yi min bayani. Safiyoyin da, in za su auna ƙasa a Najeriya, daga wani wuri a Minna suke kafa ma'auninsu. Hoton da ake ɗauka daga sama kuwa da wani ma'aunin na daban yake tafiya. Lambobin da ke takardar Abba daidai suke, amma sai ka gaya wa saba da wane ma'auni aka rubuta su. In ba ka gaya mata ba, ko ka gaya mata ba daidai ba, ba za ta yi ƙorafi ba. Za ta ɗauki gonar ɗungurungum ta ajiye ta a gefe, taku ɗari ko fiye.

"A gurbin nan mai lamba biyar, me kika sa?"

"Wadda Baturen ya sa."

"Baturen nan gonarsa a Darki take?"

Ni da kaina, da yatsana, na tura gadon ubana. Ta sa na nemo lambar Minna a jerin da ke cikin manhajar, na sa, na adana, na sake buɗe shafin. Babu abin da ya motsa. Rijiya na nan a cikin shuɗi. Na ce shi ke nan, ashe Baffa ke da gaskiya.

Anti Esta ta jefa gyaɗa a baki. "Saba malalaciya ce. In ta zana abu sau ɗaya, ajiyewa take ta yi ta ba ki tsohon. Nemo inda take ɓoyewa ki share."

Na nemo na share. Na sake buɗewa. Layukan biyu suka tashi tare suka zauna a kan shingen ƙaya da ake gani a hoton, kusurwa a kan kusurwa. Rijiya ta dawo cikin ja. Na kifa kaina a tebur na yi kuka, Anti Esta ta bar ni har na gama, sannan ta ce in ajiye kwafin na farkon, kar in goge, zai yi min amfani.

Bayan an sauko daga masallaci Jamilu ya zo, farar shadda wannan karon, da leda cike da lemo da ayaba. Ban zauna ba. Na ce masa na gyara, gobe zan kai wa mai unguwa.

Fuskarsa ta sauya. "Zuwaira, tsaya ki ji. Baffa ya amince. Ya ce bayan zaman gobe manyana su zo a sa rana. Shekara guda muna jiran wannan maganar."

"Bayan zaman gobe."

"Eh. Ki bari kawai a wuce wurin. In an yi biki sai ki fito da gyaran a hankali, cikin lalama."

"In mai unguwa ya yanke a gaban shaidu, wa zai warware?"

"Rijiya ce fa kawai. Ni zan haƙa wa Umma wata, wadda ta fi wannan."

Na tsaya ina kallon sa. Hular nan, agogon nan, duk sai na ga kamar yau na fara ganin mutumin.

"Gaya min gaskiya. Da ka kai masa hoton, ka tuna na ce kuskure ne?"

Ya kalli ledar lemo.

"Wa ya yanke hoton ya bar rijiyar kawai?"

"Ya ce ba ya gani sosai ne, na ƙara masa girma."

Ban san sanda na juya na shige gida ba. Abin da ya fi ƙona min rai kuwa yana ciki yana jira na. Umma ta ji komai daga bakin madafi. Tana tuƙa tuwo, ba ta ko juyo ba ta ce, "Ki bi maganarsa. Yaron nan mutumin kirki ne, kuma Labaran in ya ƙi ba da ke, ba ni da bakin da zan sa. Ni na yafe rijiyar."

"Umma, da me za a yi noman rani?"

"Allah ba zai hana mu ci ba."

"Saboda ni?"

"In ba saboda ke ba, saboda wa?"

Ba na ɗaga wa Umma murya, ban kuma ɗaga ba. Amma na ce mata in dai da rijiyar Abba za a sa min rana, to a bar ni a gida har in yi furfura. Ta ce ba ni da kunya. Na yarda, na shige ɗaki na jona laftof a caji, ina addu'ar kar a ɗauke wuta.

Asabar muka tafi tare, ba mai yi wa wani magana. Na sa baƙar abaya da takalmin da ba na jin tausayinsa. A ƙofar gidan mai unguwa Malam Ƙasimu an shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin darbejiya, dattawa huɗu na zaune, ga Baffa, ga kuma Jamilu a gefensa, shi ya kawo shi a mota. Muka durƙusa daga gefe muka gaisa. Baffa ya yi jawabi mai tsawo ya miƙa wayarsa aka zagaya da ita.

Mai unguwa ya dubi Umma. "Hansai, kina da magana?"

Umma ta buɗe baki, na san abin da za ta ce, sai na riga ta.

"Ranka ya daɗe, ni na yi zanen, kuma ni na yi kuskuren. In an ba ni izini in nuna."

Jamilu ya girgiza min kai a hankali. Na buɗe laftof. Ba a samun intanet a ƙauyen, amma sabar a cikin kwamfutata take zaune, ba ta buƙatar kowa. Na fara nuna musu na farkon, cikakke, ba yankakke ba.

"Wannan shi ne wanda Baffa yake so a yi hukunci da shi. Ga rijiya a ɓangarensa. Amma ku dubi arewa. Mangwarorinsa guda bakwai duk sun fita daga gonarsa, sun koma ta maƙwabci. Ku dubi kudu, hanyar shanu ta ratsa tsakiyar tamu. In wannan gaskiya ne, a ba shi rijiya, shi kuma ya bar mangwaro."

Wani dattijo ya yi dariya ya mayar da ita tari. Baffa ya ce na'ura abin da aka gaya mata take faɗi, jiya ta ce kaza yau ta ce kaza.

"Gaskiya ne, Baffa. Shi ya sa ba na so a yarda da ni. A je a tono dutsen."

Na buɗe gyararren, na nuna inda kusurwar take: tsakanin rijiya da bishiyar ɗinya, ta arewa da rijiyar. Mai unguwa ya miƙe ya ce a ɗauko fartanya. Muka ɗunguma gona. Aka tona wuri na farko, yashi kawai. Zufa ta jiƙa min baya. Aka matsa kamar taku biyu aka sake sara, sai muka ji ƙarfe ya bugi abu mai tauri. Mai unguwa da kansa ya tsuguna ya share ƙasar da hannu. Dutsen siminti ne, da lambarsa, irin wadda ke takardar Abba. Rijiya tana kudu da shi, taku goma sha ɗaya, sai da aka ƙirga.

"Malam Labaran," in ji mai unguwa, "ina ganin magana ta ƙare."

Baffa ya kaɗe rigarsa. Bai kalli dutsen ba, ni ya kalla.

"Kin tozarta ni a gaban mutane. To ki nemi wani uban ya ba da ke."

Ya wuce, Jamilu ya tsaya kamar zai ce wani abu, sannan ya bi shi da sauri don ya buɗe masa mota.

Kowa ya watse ya bar mu. Na ɗauka yanzu Umma za ta sauke min nata. Sai ta je bakin rijiyar ta zura guga, ta jawo, ta sha da tafin hannu, ta miƙo min.

"Wata biyu babanki ya yi a cikin ramin nan," ta ce. "Ina da cikinki nake kawo masa fura. Jiya da na ce na yafe, ƙarya na yi."

Ba mu daɗe da isa gida ba saƙon Jamilu ya shigo: "Ina zaure. Ki fito mu san abin yi."

Na cire layina daga wayar. Na jawo kwalinta daga saman sif, na kaɗe shi, na mayar da ita da caja da abin saurare, kowanne a gurbinsa. Umma tana kallo, ba ta ce in bari ba.

Yana tsaye, ko zama bai yi ba. Na ajiye kwalin a kan darduma kusa da ƙafarsa. Ya kalli kwalin, ya kalle ni.

"Kin ga abin da taurin kanki ya jawo? Yanzu wa zai ba da aurenki?"

Na gyara hijabina na ce, "Ka fara tambaya ko akwai auren."